BABI NA UKU: TSADAR MAN FETUR DA NEMAN MOTA MAI TSIMIN MAI A AMURKA

3.0 Gabatarwa

A babi na biyu an yi bayani a kan yadda ake haƙo ɗanyen mai da tace shi, da kuma abubuwan da kan sa farashinsa ya hau ko ya sauka a kasuwar duniya. A wannan babi kuwa za a dubi abin da hawan farashin yake haifarwa a wajen masu ƙera motoci da masu sayensu. An zaɓi ƙasar Amurka domin a yi misali da ita saboda babu ƙasar da ta kai ta shan fetur a duniya, kuma tun shekarar 1975 hukumominta suke ajiye ƙididdigar yawan man da sababbin motoci ke sha, shekara bayan shekara. Har ila yau, da yawa daga cikin motocin hannu da ke yawo a titunan Nijeriya daga can aka shigo da su.

Tambayar da babin zai yi ƙoƙarin amsawa ita ce, shin tsadar mai ita kaɗai ta isa ta sa a ƙera motoci masu tsimi, mutane kuma su riƙa sayensu? Abin da tarihin Amurka ya nuna shi ne tsada takan farkar da jama'a nan take, amma da zarar mai ya yi araha sai a koma gidan jiya, in dai babu wata doka da ta tare hanyar komawa.

3.1 Ma'anar Tsimin Mai da Yadda Ake Auna Shi

Abin da ake nufi da tsimin mai a wannan nazari shi ne nisan tafiyar da mota za ta yi da wani ƙayyadajjen ma'auni na fetur. Amurkawa suna lissafi da mil nawa mota ta ci a galan ɗaya. Galan ɗinsu lita 3.8 ne, wato bai cika galan mai lita huɗu da aka saba gani a wurin 'yan bumburutu ba, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne. Domin sauƙaƙa wa mai karatu, duk inda aka kawo lissafinsu za a biyo shi da kilomita a lita ɗaya.

Ba duk man da aka zuba a tanki ne yake tura mota ba. A motar fetur ta yau da kullum, abin da yake isa ga tayoyi bai wuce kashi 12 zuwa 30 cikin ɗari na ƙarfin da ke cikin man ba. Sauran yakan salwanta a matsayin zafi, ta salansa da lagireto, wani kuma ya tafi a gugar ƙarafan inji da giya, ko a lokacin da mota ke tsaye inji yana aiki. Ɗan abin da ya isa ga tayoyin kuma shi ne zai yi fama da nauyin motar, da gugar taya a kan kwalta, da iskar da ke tokare ta. Ita iska tana da wani hali, idan aka ninka gudu sau biyu, tokarewarta takan ninka sau huɗu. Saboda haka duk mai son ya rage shan mai, dole ya taɓa ɗaya daga cikin waɗannan: ingancin inji, ko nauyi, ko siffar bodi, ko gudu.

Akwai wani ruɗani a cikin wannan ma'auni wanda ya kamata a warware tun yanzu. A ɗauka motoci biyu za su yi tafiyar kilomita 100. Wadda ke cin kilomita 5 a lita za ta sha lita 20, idan aka gyara ta ta koma kilomita 10 a lita, za ta sha lita 10, an tsira da lita 10 ke nan. Wadda ke cin kilomita 10 kuwa, ko da an kai ta kilomita 20 a lita, lita 5 kacal za a tsira da ita. Ma'ana, an fi samun riba a gyaran mota mai zuƙar mai fiye da ƙara wa mai tsimi tsimi. Wannan lissafi zai yi amfani idan an zo maganar manyan motoci a gaba.

3.2 Takunkumin Mai na 1973

Kafin shekarar 1973 ba a cika damuwa da shan mai a Amurka ba. Galan ɗin fetur bai kai santi 40 ba, tituna masu faɗi ne, kuma manyan kamfanoni uku na birnin Detroit, wato General Motors da Ford da Chrysler, sun fi samun riba a kan manyan motoci. Motar iyali ta wancan zamani takan kai nauyin tan biyu, da inji mai silinda takwas. Cadillac Eldorado ma injinta lita 8.2 ne, wato ya ninka na ƙaramar mota ta yau fiye da sau huɗu.

A ranar 6 ga Oktoba, 1973 yaƙi ya ɓarke tsakanin Isra'ila da ƙasashen Masar da Siriya. Ganin yadda Amurka ta tallafa wa Isra'ila da makamai, sai ƙasashen Larabawa masu arzikin mai, ƙarƙashin jagorancin Saudiyya ta zamanin Sarki Faisal, suka rage haƙo mai, suka kuma daina sayar wa Amurka da Holan da wasu ƙasashe. Ba a janye wa Amurka takunkumin ba sai a watan Maris na 1974. A ɗan wannan tsakani gangar ɗanyen mai ta tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12, galan ɗin fetur kuma ya kai wajen santi 55.

Abin da ya fi tsadar ɗaga wa mutane hankali shi ne rashin man. An yi dogayen layuka a gidajen mai, wasu jihohi suka raba ranaku bisa lambar mota, masu lambar mara su sha yau, masu cika su sha gobe. A watan Janairu na 1974 Shugaba Nixon ya sa hannu a dokar da ta ƙayyade gudu a manyan hanyoyi, kada ya wuce mil 55 a awa, wato wajen kilomita 89. Wannan doka ba a soke ta gaba ɗaya ba sai a 1995.

3.3 Dokar 1975 da Abin da Kamfanoni Suka Yi

Rage gudu magani ne na wucin gadi. Babban matakin shi ne dokar makamashi da Shugaba Gerald Ford ya sa wa hannu a watan Disamba na 1975, wadda ta zo da tsarin da aka fi sani da CAFE, wato matsakaicin tsimin mai na dukkan motocin da kamfani ya sayar. A lokacin sababbin motoci mil 13 suke ci a galan, wajen kilomita 5.5 a lita. Dokar ta ce daga 1978 sai su kai mil 18 (kilomita 7.7 a lita), a riƙa ƙarawa har su kai mil 27.5 (kilomita 11.7 a lita) a 1985. Ana son a ninka tsimin cikin shekara goma ke nan.

Hikimar dokar ita ce ba ta hana kowa ƙera babbar mota ba. Abin da ake dubawa shi ne matsakaicin duk abin da kamfani ya sayar a shekara. Idan ya sayar da manya da yawa, tilas ya sayar da ƙanana da za su cike giɓin, in ba haka ba ya biya tara. Tarar kuwa dala 5 ce a kan kowane kashi ɗaya bisa goma na mil da aka gaza, a ninka da yawan motocin da aka sayar. Misali, kamfanin da ya gaza da mil ɗaya, kuma ya sayar da mota miliyan ɗaya, zai biya dala miliyan 50. Wasu kamfanonin Turai masu ƙera motocin alfarma, irin su Marsandi da BMW, sun gwammace su riƙa biyan tarar su ɗora a kan mai saye. Kamfanonin Detroit kuwa suka zaɓi su bi dokar. A 1978 aka ƙara da wani haraji na musamman a kan motocin shiga masu zuƙar mai.

Hanya mafi sauri ita ce rage nauyi. A 1977 General Motors ya rage girman manyan motocinsa, inda Chevrolet Caprice ta zubar da kusan kilo 300 ba tare da wurin zama ya ragu sosai ba. Daga nan aka koma ƙera motoci masu ja da tayoyin gaba, wanda ya kawar da dogon ƙarfen da ke kai ƙarfi baya. Aka mayar da silinda takwas zuwa shida ko huɗu, aka ƙara yawan giya, aka gyara siffar bodi domin ta riƙa ratsa iska. A hankali kuma injekta ta maye gurbin kabureta, domin ita tana auna man da inji ke buƙata daidai, da taimakon wata 'yar kwamfuta.

Ana cikin haka sai juyin juya halin Iran ya zo a 1979, yaƙin Iran da Iraƙi ya biyo baya a 1980. Gangar mai ta haura dala 30, galan ɗin fetur ya wuce dala ɗaya a karon farko, layuka suka dawo. A wannan karo doka da kasuwa sun fuskanci alƙibla ɗaya, domin abin da hukuma ke tilasta wa kamfani ya ƙera shi ne abin da mai saye ke nema ruwa a jallo. Ƙididdigar hukumar kare muhalli ta Amurka ta nuna cewa ainihin tsimin sababbin motoci a kan titi, manya da ƙanana a haɗe, ya tashi daga mil 13.1 a 1975 zuwa mil 22 a 1987. Masana sun daɗe suna jayayya a kan wanne ya fi tasiri, dokar ko farashin. A ganin mai wannan nazari, shekarun 1975 zuwa 1982 ba za su raba wannan gardama ba, tunda abubuwan biyu tare suka yi aiki. Sai an dubi lokacin da suka rabu.

3.4 Shigowar Motocin Japan

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Sabuwar mota takan ɗauki shekaru kafin a zana ta, a gwada, a kafa injinan ƙera ta. Japan ba ta da man fetur nata na a zo a gani, titunanta matsattsu ne, saboda haka tun asali ƙananan motoci take ƙerawa. Toyota Corolla ta fito tun 1966, Honda Civic a 1972. Da tsada ta zo sai ta tarar da su a shirye. Ƙananan motocin da Detroit ta fitar, irin su Chevrolet Vega da Ford Pinto, sun yi ƙaurin suna, ta farko wajen tsatsa da matsalar inji, ta biyu wajen kamawar tanki da wuta idan an buge ta ta baya.

A 1980 Japan ta zarce Amurka a yawan motocin da ake ƙerawa a shekara. Chrysler ya kai gargarar durƙushewa, sai da gwamnati ta tsaya masa ya ci bashin da ya kai dala biliyan 1.5. A 1981, bisa matsin lambar Amurka, Japan ta yarda ta ƙayyade motocin da take aikawa can a kan miliyan 1.68 a shekara. Sai dai an gudu ba a tsira ba, domin kamfanonin Japan sai suka tare a cikin Amurkar. Honda ya fara ƙera Accord a jihar Ohio a 1982, Toyota kuma ya fara ƙera Camry a Kentucky a 1988.

3.5 Arahar Mai da Kafar da Aka Bari a Doka

A shekarar 1986 farashin ɗanyen mai ya faɗi warwas, ganga ta sauko ƙasa da dala 15, saboda Saudiyya ta buɗe famfo, ga kuma man Tekun Arewa da na Alaska ya cika kasuwa. A nan ne doka da kasuwa suka raba gari, kuma a nan ne ake ganin ainihin ƙarfin kowannensu.

Da farko dai dokar ce ta fara sassautawa. Bisa roƙon General Motors da Ford, hukuma ta rage ma'aunin zuwa mil 26 daga 1986 zuwa 1988. A 1990 aka mayar da shi mil 27.5, kuma a nan ya tsaya cik har 2010, shekara ashirin ba ƙari. Daga 1996 zuwa 2001 ma majalisar dokoki hana hukumar ta yi ta kashe ko sisi wajen shirya sabon ma'auni. Duk da haka, motocin shiga ba su koma shan mai irin na 1973 ba, domin dokar ta zame musu shinge. Wannan shi ne amfaninta na zahiri, ta hana a koma baya, ko da yake ba ta tura kowa gaba ba.

Matsalar ta ɓullo ta wata kafa. Dokar ta raba motoci gida biyu, na shiga da kuma ƙananan motocin ɗaukar kaya. An sassauta wa rukuni na biyu saboda a lokacin manoma da magina da 'yan kasuwa ne ke amfani da a-kori-kura, kuma ba su wuce kashi ɗaya cikin biyar na kasuwa ba. Ma'auninsu ya tsaya a mil 20.7 (kilomita 8.8 a lita) daga 1996 zuwa 2004, kuma harajin masu zuƙar mai na 1978 bai shafe su ba. Wadda nauyinta da kayanta ya haura kilo 3,850 kuwa, irin Hummer H2, ba ta ma shiga lissafin ba sam.

Kamfanoni ba su yi wata-wata ba. Suka ɗauki ƙashin a-kori-kura suka ɗora masa bodi mai kujeru da na'urar sanyaya ɗaki, suka sayar wa magidanta a matsayin motar iyali. Chrysler ya fito da ƙaramar bas ta iyali a ƙarshen 1983, ga kuma Jeep Cherokee, sannan Ford Explorer ta fito a 1990 ta yi kasuwa ƙwarai. A takarda waɗannan duk motocin kaya ne, a titi kuwa yara ake kaiwa makaranta da su. Akwai kuma wani tsohon haraji na kashi 25 cikin ɗari a kan motocin kaya da ake shigowa da su daga waje, wanda aka sa tun 1964 a matsayin ramuwar gayya ga harajin da Turai ta ɗora wa kajin Amurka, har ake kiransa harajin kaji. Wannan ya kare kamfanonin Detroit daga gasar waje a wannan ɓangare, ribar jif ɗaya kuwa ta ninka ta ƙaramar mota. A 1998 galan ɗin fetur ya dawo wajen dala ɗaya, zuwa 2004 kuma kusan rabin sababbin motocin da ake sayarwa 'yan rukunin kaya ne. Matsakaicin tsimi ya gangaro daga mil 22 na 1987 zuwa mil 19.3 a 2004. Idan aka tuna lissafin da aka yi a 3.1, za a ga cewa inda aka fi asarar mai nan ne doka ta fi sassautawa.

Kada a ɗauka cewa fasaha ce ta tsaya a waɗannan shekaru. Injina sun ci gaba da inganta kowace shekara, sai dai an karkatar da ingancin zuwa ƙarfi da nauyi. Tsakanin farkon shekarun 1980 da 2004 matsakaicin ƙarfin inji ya ninka, nauyi kuma ya ƙaru da wajen kilo 400. Wani masanin tattalin arziki mai suna Christopher Knittel, a binciken da ya wallafa a 2011, ya ƙiyasta cewa da an bar nauyi da ƙarfin motoci yadda suke a 1980, da tsimin mai ya ƙaru da kusan kashi 60 cikin ɗari zuwa 2006, alhali abin da aka samu bai wuce wajen kashi 15 ba. Injiniya dai ya yi nasa, mai saye ne ya zaɓi inda za a kashe ribar, shi kuma farashin gidan mai yake kallo.

Ƙasashen Turai sun bi wata hanya dabam, wato ɗora haraji mai nauyi a kan man kansa, har yakan kai rabin kuɗin lita ko fiye. Da yake mai bai taɓa yin araha a can ba, ƙananan motoci ba su taɓa fita daga kasuwa ba. A Amurka kuwa harajin tarayya santi 18.4 ne a galan, kuma daga 1993 har zuwa 2025 ba a ƙara shi ba, domin 'yan siyasa suna tsoron taɓa shi. Ita ma hanyar Turai tana da nata tabon, domin ta tura jama'a ga motocin dizal, waɗanda suka fi tsimi amma hayaƙinsu ya fi cutar da huhu. A 2015 aka gano kamfanin Volkswagen ya sa wa motoci wajen miliyan 11 wata manhaja mai yaudarar na'urar gwajin hayaƙi.

3.6 Daga 2008 Zuwa 2025

Tun kafin tsada ta dawo, Toyota ya fitar da Prius a Japan a ƙarshen 1997, ya kai ta Amurka a 2000. Mota ce mai tagwayen injina, na fetur da na lantarki. Idan an taka birki, ƙarfin da a da yake salwanta a matsayin zafi sai a mayar da shi cikin batir, idan an tsaya a danja kuma injin fetur ya mutu da kansa. Shi ya sa irin wannan mota ta fi nuna tsiminta a cunkoson gari. Da farko ba ta yi kasuwa sosai ba, sai da farashi ya fara hawa bayan 2004.

A Disamba 2007 Shugaba George W. Bush ya sa hannu a dokar da ta ɗaga ma'auni zuwa mil 35 kafin 2020. A watan Yuli na 2008 ganga ta kai dala 147, galan ya haura dala 4. A watan Mayu na shekarar, Honda Civic ta fi a-kori-kurar Ford samun masu saye, abin da aka daɗe ba a gani ba. Tarihin 1979 ya maimaita kansa, kamfanonin da suka dogara da manyan motoci suka rasa abin sayarwa, ga kuma karyewar tattalin arzikin duniya. A 2009 General Motors da Chrysler suka bayyana fatara a gaban kotu, gwamnati ta ceto su. A wannan shekara kuma aka kashe wajen dala biliyan 3 domin a ba mutane rangwame su miƙa tsofaffin motoci masu zuƙar mai su sayi sababbi, inda aka karɓi kusan mota 700,000 aka lalata injinansu.

Gwamnatin Obama ta sa ma'auni mai tsauri a 2012, wanda ya nufi mil 54.5 a 2025. Wannan adadi na ɗakin gwaji ne, abin da ake samu a titi bai kai haka ba. Sabon tsarin kuma ya danganta ma'aunin kowace mota da faɗin ƙasar da tayoyinta huɗu suka mamaye, wato mafi girma ita ake sassauta wa. Da mai ya sake faɗuwa a ƙarshen 2014 sai jama'a suka koma wa manyan, har kamfanin Ford ya ba da sanarwa a 2018 cewa zai daina ƙera yawancin ƙananan motocinsa na shiga domin kasuwar Amurka. An sassauta ma'aunin a 2020, aka sake tsaurara shi a zamanin Biden, sannan a watan Yuli na 2025 majalisa ta mayar da tarar gazawa sifiri. Duk da wannan kai da komo, matsakaicin tsimi ya kai wajen mil 27 a 2023, ninki biyu na 1975, kuma motocin lantarki da masu tagwayen injina suna da hannu a wannan ƙari.

3.7 Yadda Abin Ya Shafi Nijeriya

Nijeriya ta shiga ƙungiyar OPEC a 1971, saboda haka tsadar 1973 da ta gigita Amurka ita kuɗi ta kawo mata. A 1975 aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna da Volkswagen a Legas. Shekaru da dama tallafin gwamnati ya sa fetur yana da araha, mai sayen mota ya fi tambayar ƙarfinta da samuwar kayan gyaranta fiye da shan manta. A Janairu 2012 an ɗaga lita daga naira 65 zuwa 141, zanga-zanga ta sa aka dawo da ita 97. A 2016 ta koma 145. Babban sauyin ya zo ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da Shugaba Tinubu ya bayyana ƙarshen tallafi. Cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500, ta kai 617 a watan Yuli, a Oktoba 2024 kuma ta haura 1,000.

An ga irin abin da aka gani a Amurka a 1974. Ma'aikata da yawa sun jingine motocinsu sun koma babur ko A Daidaita Sahu, jihohin Kwara da Edo sun rage ranakun zuwa ofis na wani lokaci, gwamnatin tarayya kuma ta kafa shirin mayar da motoci su riƙa aiki da iskar gas. Bambancin shi ne ɗan Nijeriya ba shi da kamfanin da zai matsa wa ya ƙera masa mota mai tsimi, domin yawancin motocin ƙasar na hannu ne. Tun 1972 da aka koma tuƙi ta hannun dama, motocin da suka dace da titunanmu su ne na Amurka da nahiyar Turai, ba na cikin gidan Japan ba, waɗanda sitiyarinsu ke dama. Accord da Camry ɗin da suka cika garejin dillalai a Kano da Kaduna, da yawansu ƙirar Ohio da Kentucky ne da aka ambata a 3.4.

Akwai kuma asarar da ake jawowa a gida. Wasu makanikai sukan cire na'urar da ke daidaita zafin inji da sunan ƙasarmu akwai zafi, alhali injin da bai kai zafin aikinsa ba kwamfutarsa ƙara masa mai take yi. Haka nan cire matatar hayaƙi da ake kira indomi, da barin taya ba isasshiyar iska, da tsohon fulogi, duk suna ƙara abin da ake kashewa a gidan mai. Waɗannan suna hannun mai mota ya gyara.

Abin da ba ya hannunsa shi ne irin motar da za ta iso tashar jirgin ruwa ta Legas ko ta Kwatano. Motar hannu takan zo ne bayan ta yi shekara goma ko fiye a inda aka fara sayenta, wato mai saye a nan yana zaɓe ne a cikin abin da Ba'amurke ya zaɓa a lokacin da mai ke da araha a wurinsa. A shekarar 2020 kusan uku cikin kowace huɗu na sababbin motocin da aka sayar a Amurka jif ne ko a-kori-kura ko danginsu, kuma daga cikin waɗannan ne dillalanmu za su yi sari a shekarun 2030.